Maƙabartarmu Tana Ƙetaren Iyaka

Ni malamin labarin ƙasa ne. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo a Talata Mafara ina zana wa yara taswira da alli, ina ce musu ga gulbi, ga tudu, ga fadama, ga inda wannan ƙaramar hukuma ta ƙare waccan ta soma. Ina jan layin nan da hannuna ko a jikina, har wani lokaci in gyara shi da gefen tafin hannu in ya karkace. Ban san layin yana da haƙora ba sai da ya bi ta tsakanina da kabarin mahaifiyata.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar nan da ke tsakanin Mafara da Bakura da Maradun. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi waɗanne ƙananan hukumomi biyu ne suka yi ta jifa da ni kamar ƙwallo ba, don ina da 'yan uwa a can kuma ina son su zauna lafiya. Gari ne na manoma. Gero da dawa a tudu, 'yar shinkafa a fadama, awaki a kowane gida. Ƙorama ce ta bi ta gabashinsa. Da rani ba ka ce ruwa ya taɓa bi ta nan ba, yashi ne fari fat, mata na tona shi suna ɗibar ruwa da ƙoƙo. Amma bari marka ta kama. Tun daga cikin ɗaki za ka ji ta tana ruri, ta ɗauko itace da kara da mushen akuya daga garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba.

Kakanninmu a ƙetaren ƙoramar nan suka fara zama. Da ruwa ya dame su sai suka tashi suka dawo kan tudun da muke yanzu, suka bar kufai, suka bar maƙabarta a inda take. To tun daga nan al'adarmu ta zama ɗaya: duk wanda ya mutu a garin sai ya ƙetare ƙorama. Da rani a kan yashi, da damina a kan kawunan maza, ruwa iya ƙirji, ana ɗaga makara sama ana salati. Na ga an yi haka da idona ba sau ɗaya ba. Babu wanda ya taɓa cewa a buɗe sabuwar maƙabarta a wannan gefen, ko da wasa, don a wurinmu mutum yana kwanciya ne inda ubansa ya kwanta.

Lokacin da aka zo yanka sababbin ƙananan hukumomi ina saurayi, ina makaranta, amma dattawan da suka zauna zaman sun ba ni labari. Ma'aikata suka zo suka tambayi gari wane gefe zai bi. Dattawa suka zaɓi gefen da suke cin kasuwa, inda kuma uban ƙasar da suke kai wa gaisuwa yake. Aka ce to ina iyakarku ta gabas? Suka ce ƙorama mana, ai ga ta nan kowa na gani. Gonakin ƙetare yawancinsu na maƙwabtan gari ne, don haka ba wanda ya ga an yi asarar komai. Aka yi fatiha aka watse. A cikin dattawan nan babu wanda ba shi da uwa da uba a kwance a ƙetare, kuma wallahi babu ko ɗaya da ya tuna da su ranar.

Da haka masu rai suka zama 'yan ƙaramar hukuma ɗaya, mamata suka zama 'yan wata. Ni dai a bakina ta farko ita ce hukumar masu rai, ta biyu hukumar mamata, kuma haka zan kira su a nan. An daɗe abin bai dami kowa ba. Wa zai tare makara a tsakiyar yashi ya ce ta shiga ƙasar da ba tata ba?

Inna, mahaifiyata, da rani ta rasu. Mace ce mai faɗa, a wurinta na yi gado, in ranta ya ɓaci har maƙwabta sai sun san an taɓa ta, kuma kafin ruwan tukunya ya tafasa ta manta. Muka ƙetare da ita a kan busasshen yashi muka kwantar da ita gindin wata aduwa. Kaburburanmu ba a rubuta musu suna, tulin ƙasa ne da fasasshiyar tukunya a kai, amma ita aduwar nan ta ishe ni alama. A lokacin tsakanin kabarinta da gaɓar ƙorama akwai fili mai faɗi cike da geza da gamba. Ko a mafarki ban kawo ruwa zai iso wurin ba.

Sai aka sare gezar nan kaf aka yi makamashi da ita. Sai masu tifa suka gano yashinmu, suka riƙa zuwa daga birni suna kwasa a can sama da gari, har ruwa ya canja kwana, ya daina bin tsakiya, ya koma yana dukan gaɓar ƙetare kai tsaye. Duk damina sai ya gutsiri wani abu. Ni ina Mafara, ina zuwa gida jefi-jefi, ina ganin filin na raguwa ina cewa Allah ya kyauta, kamar kowa.

Wata kaka bayan ruwa ya ɗauke, Kawu ya kira ni a waya. Ƙanen Inna ne, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, tsoho mai taurin kai wanda tun da na fara koyarwa yake kirana Malam, rabi girmamawa rabi tsokana. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, “Malam, ka taho ka gani da idonka. Ƙorama ta hwara cin kushewa.”

Washegari na hau kabu-kabu na tafi. Abin da na gani ya tayar mini da tsigar jiki. Gaɓar ta yanke tsaye kamar an sa wuƙa. Tsofaffin kaburburan bakin ruwa sun riga sun tafi, wasu kuma itacen rufinsu ya leƙo waje daga jikin ƙasa. Na auna da ido daga bakin yankan zuwa gindin aduwa, na san in an yi sa'a damina ɗaya ce ta rage, in an yi babbar sa'a biyu. Kawu na tsaye bayana da sandarsa.

Da yamma maigari ya tara mutane a ƙofar gidansa. Aka yi ta jimami, kowa na faɗin wanda yake da shi a wurin. Daga ƙarshe duk idanu suka dawo kaina. Maigari ya ce, “Kai ne ɗan bokonmu, kai ka san bakinsu. Ka tahi ka hwaɗa musu su zo su yi muna gini su tare ruwan ga.” Na karɓa da ƙarfina. A raina na ce wannan ai ba rijiya muke roƙo ba, ba hanya ba, maƙabarta ce, wane Musulmi zai ji ya kau da kai? Kaico, ashe ban san dawan garin ba.

Na fara da hukumar masu rai. Kansilanmu ne ya yi mini jagora, mutumin da muka yi firamare tare, yanzu ya yi tumbi yana tafiya da mai riƙe masa waya. Ya shigar da ni ofishin mai kula da ayyuka. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, yaya ɗalibai, yaya muka ji da halin da ake ciki, har aka kawo mini ruwan leda mai sanyi. Na zayyana masa komai. Ya saurara yana girgiza kai yana innalillahi. Sannan ya tashi ya je jikin bango inda taswira ke rataye, irin wadda nake zanawa a aji, ya ɗora yatsa a kan ƙoramarmu.

Ya ce, “Malam, kai ba sai na yi maka bayani ba, aikinka ne. Wurin nan da kake magana yana gabas da layi. Idan na kai siminti ƙasar wata hukuma, ranar da masu bincike suka zo ni za a kama.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, iyayen mutanenku ne a kwance a wurin. Mutanen da suke bin layi a rana suna zaɓenku.”

Ya ce, “Ban musa ba. Mutanen namu ne. Ƙasar ce ba tamu ba. Ka je can, haƙƙinsu ne, ba su da ta cewa.”

Na fito ina ganin kamar yana da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kansila ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, yana kan maganar.

Zuwa hukumar mamata ba wasa ba ne. Hanyar ta lalace, kuma da halin rashin tsaron nan ba ka barin la'asar ta same ka a daji, don haka sai ka fita da sassafe ka bar ajinka a hannun wani. Zuwan farko ba kowa a ofis, an ce sun tafi taro Gusau. Zuwa na biyu ranar kasuwa ce, masinja kaɗai na samu yana gyangyaɗi. Sai a wani zuwan na dace da mai kula da ayyukansu, wani siriri mai farin gilashi, mai fara'a ƙwarai. Da na faɗi sunan ƙauyenmu sai ya ce ai wannan ba nasu ba ne. Na ce na sani, maƙabartar ce taku. Ya gyara zama.

Ya ce, “To mutum nawa muke da su a wurin?”

Na ce, “Wane irin mutum?”

Ya ce, “Mazauna. Gidaje. Ka san aiki yana bin yawan jama'a ne. Inda mutane suka fi yawa can ake fara dubawa.”

Raina ya fara tafasa. Na ce masa in yawa ake nema, waɗanda ke kwance a kufan nan sun ninka waɗanda ke yawo a cikin garin, tun daga kakannin kakanni. Ya yi dariya, ba dariyar mugunta ba, irin ta wanda ya ji magana mai daɗi. Ya ce Allah ya jiƙansu, amma ba sa cikin ƙidaya, kuma yana da garuruwa cike da masu rai da ba su da ruwan sha, da wane ido zai tsallake su ya je ya yi wa mutanen wata hukuma gini?

Nan na manta ni malami ne. Na ce, “Haba! Ranar da masu tifa ke kwasar yashin ƙoramar nan kuna karɓar haraji ai kun san taku ce! Yau da ta juyo tana cin gawa ta zama marainiya?” Muryata ta tashi har masinja ya leƙo. Mutumin bai yi fushi ba, da ma ya yi da na ji sanyi. Ya ce in yi haƙuri, abin da ciwo, za su turo a duba da zarar hanya ta yi lafiya. Ya rako ni har bakin ƙofa yana yi wa Inna addu'a.

Haka na cinye ranin nan ina kai da kawowa. Can su ce a samo amincewar nan, nan su ce sai can sun fara rubutowa. Ana cikin haka aka rushe shugabannin ƙananan hukumomi aka kawo kantomomi, sababbin fuskoki a kan kujeru, na koma ina ba da labarin daga farko kamar mai tatsuniya. Matata ta ce na rame. Ɗalibaina suka gane in na shigo aji da jar ƙasa a wando, ranar ba a yi mini surutu.

Da na ga bazara na matsowa, zafi ya tsananta, gajimare ya fara haɗuwa a gabas, sai na yanke shawarar da na san ba za a so ta ba. Bayan sallar azahar na tsayar da mutane a ƙofar masallaci. Na ce mu daina jiran kowa. Tun ƙasa na bushe mu tone kaburburan da ke kusa da gaɓa, mu kwashe su da mutunci mu mayar da su tudu a wannan gefen. Liman ya ce shari'a ta yarda da haka in larura ta kai, amma ya kamata a tabbata ta kai ɗin. Kafin in buɗe baki Kawu ya buga sandarsa a ƙasa.

Ya ce, “Mi kac ce? A tone Yaya? Ni da raina?”

Na ce, “Kawu, in ba mu tone ta ba ruwa zai tone ta.”

Ya ce, “Nan ubanmu yake, nan uwarmu take, nan munka kai ta. Ba a taɓa tada kowa ba tun da anka kahwa garin ga. Ba da Yaya za a hwara ba.” Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ni ma nawa haka. Uwata ce, yayarsa ce, kowa a cikinmu yana ganin shi ne ke kare ta.

Ina jin da an bar mu, da sannu zan shawo kansa. Amma a makon nan sai ga kansila da albishir, da ma zaɓe ya gabato yana neman komawa kujerarsa. Ya ce ya yi magana a sama, an amince, tifar duwatsu na nan tafe, siminti da wayar ɗaure duwatsu za su biyo baya, za a yi gini mai ƙarfi. Mutane suka yi ta kabbara. Maigari ya dube ni ya ce to Malam, ka ga haƙuri ya yi rana, maganar tono a bar ta. Aka bar ta.

Tifar ta zo kuwa, ban ƙaryata shi ba. Yara suka bi ta da gudu har bakin ƙorama. Yashi a bushe, mota za ta iya ƙetarewa lafiya lau, tifofin masu kwasar yashi kullum suna yi. Sai direba ya juya baya ya ɗaga bodi ya zazzage duwatsun nan a gaɓarmu, gefen gari, inda ruwa bai taɓa gutsirar ko tafin hannu ba. Na ruga ina ɗaga masa hannu ina ihu. Ya leƙo ta taga ya ce shi an ce masa ya sauke a ƙasar hukumarsu, in ya ƙetare aikin bai shiga lissafi ba. Ya ja motarsa ya tafi ya bar mu da ƙura. Na tsaya ina kallon tulin duwatsun, ina kallon maƙabarta a ƙetare, na rasa dariya zan yi ko kuka. Tir da wannan aiki!

Siminti da waya har yau suna tafe.

Gari ya kira gayya. Maza suka fito da amalanke da jakai, waɗanda ba su da ko ɗaya suka ɗora a ka, mata suka dama fura suka aiko. Muka yi kwanaki muna jidar duwatsun nan muna ƙetarewa da su muna jerawa a gindin gaɓar da ta yanke, muka cika buhunan taki da yashi muka ɗora a kai. Ni ma na ɗauka har bayana ya riƙe. Amma ina ɗauka ina faɗa musu gaskiya, dutsen da ba a ɗaure shi da komai ba ruwan marka zai mirgina shi ne kawai. Wani dattijo ya ce, “Bakinka ya sari ɗanyen kashi!” Na ci gaba da ɗauka.

Ruwan shuka ya sauka, duwatsu suka tsaya. Aka yi noman farko, suna nan. Kawu ya samu abin tsokana, duk inda ya gan ni sai ya ce, “Malam, ina labarin ƙasa?” Ina murmushi. Wallahi ban taɓa son a ƙaryata ni ba kamar wannan lokacin. Har na fara cewa a raina wataƙila mu tsallake bana, in Allah ya kai mu rani in sake tayar da maganar.

Marka ta kama ana hutun makaranta, ina ƙauye. Aka wuni ana ruwa, aka wayi gari ana yi. Da hantsi ya ɗan tsagaita sai muka ji ihu daga bakin ƙorama. Kafin in isa rabin gari na can. Ruwa ya cika ta baki da baki, ja wur, yana gudu da ƙarfin da ko saurayi mai ji da kansa ba zai sa ƙafa ba. Duwatsunmu babu alamarsu. Muna tsaye a gefenmu, maƙabarta na gabanmu a fili, kusa ƙwarai, in ka yi kira mai tsayuwa a can zai ji ka, kuma ba abin da za mu iya.

Da rana tsaka muka kalli abin. Gaɓar ta riƙa tsagewa tana zubewa gaɓa-gaɓa, in wani yanki ya faɗa sai ka ji tim, ruwa ya haɗiye. Duk faɗuwa sai wani a cikinmu ya yi salati da ƙarfi, don ya san wa ke wurin. Mata na daga baya suna kuka. Ni idona na kan aduwa. Na ga ta karkata kaɗan, ta tsaya, har na ce ko saiwarta za ta riƙe. Sai ta sake karkatawa a hankali, ƙasar gindinta ta buɗe, ta kwanta cikin ruwa da duk abin da ke ƙarƙashinta. Na ji wani sauti ya fita daga bakina wanda ban san ina da shi ba. Da na waiwaya, Kawu na zaune dirshan a cikin taɓo, sandarsa a gefe, bakinsa na motsi.

Ban yi masa magana ba. Ina jin haushinsa, ina jin haushin maigari da kansila da masu gilashi da masu taswira, ina jin haushin dattawan da suka ce ƙorama mana. In na buɗe baki a lokacin zan faɗi abin da ba ya gyaruwa.

Sai da ruwa ya janye muka bi ƙoramar ƙasa, muna duba cikin ciyawa da saiwoyi da inda yashi ya taru. Mun samu abin da muka samu. Ba zan kwatanta ba. Muka riƙa tattarawa a cikin farin ƙyalle muna kawowa. Abin da aka ce ba a taɓa yi ba tun kafuwar gari, a 'yan kwanakin nan aka yi shi ba gardama: maigari ya ba da gonarsa ta tudu a gefenmu, aka tone sauran kaburburan da ke bakin gaɓa aka dawo da su. Waɗanda aka tone kowa ya san nasa. Waɗanda muka tsinto daga ruwa kuwa rami ɗaya aka yi musu.

Ranar da za a rufe ramin sai ga motoci. Hukumar masu rai da hukumar mamata sun turo wakilai ta'aziyya, ranar kaɗai na taɓa ganin su a wuri ɗaya. Suka zauna a tabarma guda suna musabaha, suna cewa abin bai yi daɗi ba, ƙaddara ce, za a duba. Kansila ya miƙo mini hannu. Na ba shi don idon jama'a, amma ban dube shi ba.

Ana jera ƙullin fararen ƙyallayen a bakin rami Kawu ya matso kusa da ni. Tun ranar ruwan ba mu yi magana ba. Ya tsufa a 'yan kwanakin nan fiye da yadda ya tsufa a shekara goma. Ya kama hannun rigata kamar yaro, ya yi ƙasa da murya.

Ya ce, “Malam, wanne ne nata?”

Duk faɗan da na tanada masa sai na neme shi na rasa. Na dubi ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya, duk iri ɗaya. Ban san ko tana cikinsu ba. Ban san ko ruwa ya wuce da ita can ƙasa, ya binne ta a yashin wani gari, a wata ƙaramar hukumar ta uku ba. Na ce, “Kawu, ban sani ba.” Ya gyaɗa kai, bai saki rigata ba har aka gama tura ƙasa.

Yanzu in na je gida nakan fara zuwa tudu, in tsaya a kan babban kabarin nan in yi sallama in yi mata addu'a. In na shafa sai in gangara bakin ƙorama, in tsaya inda muka tsaya ranar, in sake yin sallama, in sake addu'ar daga farko. Masu wucewa da jakai suna ɗauka ruwa nake kallo, sukan ce mini sannu da hutawa, Malam, in amsa musu.